Keken Lantarki Da Hawan Tudu: Wuta Nawa Ya Kamata A Ba Injin?

Tun daga ran 29 ga watan Mayu 2023, da Gwamnati ta janye tallafin man fetur, kowa ya san yadda kuɗin mota da na acaɓa suka hau. Saboda haka mutane suka fara waiwayar keken lantarki, har a nan kwalejinmu akwai waɗanda suka saya, akwai kuma waɗanda suka haɗa nasu da tsohon keke. Ni ma ina cikinsu, kuma ni na fara ƙona nawa. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na koya, domin kada wani ɗan'uwa ya sake yin hasarar da na riga na yi.

Ga yadda abin ya faru. Da aka rarraba mu koyon aikin koyarwa, sai aka tura ni wata makarantar firamare a bayan dutse. Hanyar kuwa tana da wani hawa mai tsawon kamar kilomita guda. Kekena yakan hau, amma a hankali, sai na taimaka masa da feda, in isa makaranta farar rigata ta jiƙe da gumi. Wannan ya dame ni. Na je wurin wani mai gyaran rediyo a kasuwa na gaya masa, ya ce, "Malam, ai wannan ƙaramin aiki ne, akwatin ne ya ke yi wa injin rowa." Ya buɗe akwatin, ya ɗiga dalma a wani wuri, ya rufe, na biya shi. Kai, ran nan keke ya hau tudun nan kamar babur! Na yi kwana shida ina murna. Ran na bakwai na goya abokin aikina, domin ran nan ne mai duba mu zai zo daga kwaleji, ba ma so mu makara. Muna tsakiyar hawa sai muka ji ƙauri, keke ya yi shiru. Muka tura shi da ƙafa, muka tarar mai dubawa ya riga mu shiga aji. Kuɗin da na yi wata da watanni ina tarawa suka tafi a cikin minti biyar.

Da na dawo na kai wa malaminmu na kimiyya injin. Ya buɗe, ya nuna mini wayoyin jan ƙarfe sun yi baƙi ƙirin, ya ce, "Kai da za ka koya wa yara lissafi, ka taɓa lissafa tudun nan kuwa?" Na ce a'a. Ya ce, "To, ɗauko alli." Abin da ke biye shi ne abin da muka yi a kan allo, da abin da na ƙara karantawa daga baya.

Abubuwa Uku Da Ke Tafiyar Da Keken

Keken lantarki ba sabon abu ba ne. Tun a 1895 wani mutumin Amurka, Ogden Bolton, ya yi rajistar keke mai batir da inji a cibiyar ƙafar baya. Abin da ya hana shi yaɗuwa nauyin batir ne. Sai da kamfanin Sony ya fara sayar da batirin litiyam a 1991, kamfanin Yamaha kuma ya fitar da kekensa mai taimakon feda a Japan a 1993, sa'an nan abin ya kama hanya.

Abubuwa uku ne a cikinsa: batir, da inji, da ɗan akwatin da ke tsakaninsu, wanda a ke kira kwantirola. Batir shi ne tankin ruwa, inji shi ne gonar da a ke shayarwa, kwantirola kuwa shi ne mai tsaron famfo. Matsin wutar, watau kamar tsayin da aka ɗora tanki, da bolt a ke auna shi. Yawan wutar da ke gudana a waya, watau kamar yawan ruwan da ke bin bututu, da amfiya a ke auna shi. In ka ninka bolt da amfiya sai ka sami wat, shi ne ƙarfin aiki. Kekena batirinsa bolt 36 ne, kwantirola kuma an rubuta masa amfiya 15. To, 36 sau 15 ya ba mu wat 540. Wannan lamba 15 ita ce iyakar da mu ke magana a kai, watau umurnin da aka ba mai tsaron famfo cewa kada ya bar abin da ya fi haka ya wuce.

Wani zai ce, ai a jikin injin an rubuta wat 250. Gaskiya ne. Wannan shi ne abin da injin zai iya yi yini guda ba tare da ya yi zafi ya wuce kima ba, kuma shi ne iyakar da dokar ƙasashen Turai ta sa wa keken da a ke hawa ba lasin, tare da gudun kilomita 25 a awa. Injin yakan iya ninka wannan na ɗan lokaci. Amma na ɗan lokaci fa.

Abin Da Tudu Ya Ke Nema

Kafin ka taɓa kwantirola, auna tudunka. Ka sami sanda mai tsawon mita ɗaya, ka ɗora bakinta guda a ƙasa ta wajen sama, ka daidaita ta da ma'aunin magina, sa'an nan ka auna tazarar da ke tsakanin ɗaya bakin da ƙasa. In ka sami santimita 10, to, hawan ɗaya cikin goma ke nan. Ka yi haka wuri biyar ko shida, ka lura da inda ya fi tsanani. Wannan ma darasi ne mai kyau ga 'yan aji biyar da shida, na gwada da nawa, sun ji daɗinsa ƙwarai.

Tuduna ɗaya cikin goma ne. Ni da keke da jakar littattafai kilo 100 ne. In ina tafiyar kilomita 10 a awa, a cikin awa guda na yi sama da tsayin kilomita ɗaya ke nan, watau kamar santimita 28 kowace daƙiƙa. Ɗaga kilo ɗaya tsayin mita ɗaya a daƙiƙa guda yana cin wat 9.8. Saboda haka 100 sau 9.8 sau 0.28 ya ba mu wajen wat 275. A ƙara kaɗan domin iska da gogar taya, a ce wat 300. Amma ba duk wutar da ta fito daga batir ke zama tafiya ba. A kan tudu ƙaramin inji yakan zubar da kamar kashi ɗaya cikin uku ya zama zafi, saboda haka sai a ƙara rabin lambar a kanta, ya zama wat 450. Batir kuma in ana jansa da ƙarfi matsinsa yakan ɗan sauka, a ce bolt 34. Raba 450 da 34, ka sami amfiya 13 da ɗan kai.

Kun gani ke nan, amfiya 15 ɗin nan da na raina ta ishe ni tun farko. Abin da na ke nema ba bukata ba ce, gudu ne.

Dalilin Da Inji Ke Zafi A Kan Tudu

Waɗanda suka san tsohon keken Raleigh mai fitilar daynamo sun san in ƙafa tana juyawa daynamo yakan ba da wuta, in ta ƙara gudu fitila ta ƙara haske. Wannan shi ne abin da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831. To, injin lantarki ma in yana juyawa daynamo ne. Yana haifar da tasa wutar wadda ke tura ta batir baya. In yana gudu a fili, turin nan yana da ƙarfi, wuta kaɗan ce ke iya shiga. In tudu ya danne shi ya rage gudu, turin ya yi rauni, sai wuta ta kwararo. Ba abin da ke tare ta sai kwantirola.

Wutar nan kuwa in ta bi waya tana haifar da zafi. James Joule, mutumin Ingila, ya nuna a wajen 1840 cewa zafin ba daidai da yawan wutar ya ke ƙaruwa ba, sai dai daidai da yawan wutar an ninka shi da kansa. Wannan ita ce maganar da na ke so kowa ya riƙe. In ka ninka wuta sau biyu, zafi ya ninku sau huɗu. In ka ninka ta sau uku, zafi ya ninku sau tara. Amma ƙarfin juya ƙafa sau biyu ko sau uku kaɗai ya ƙaru, wani lokaci ma bai kai ba.

Bari mu ɗauka, domin misali, turjiyar wayoyin injin om 0.2 ce, tudun kuma yana bukatar amfiya 25 a cikin injin. Zafin shi ne 25 sau 25 sau 0.2, watau wat 125. Ran da na goya abokina nauyi ya tashi daga kilo 100 zuwa 160, wutar da a ke bukata ta zama amfiya 40. To, 40 sau 40 sau 0.2 wat 320 ne. Nauyi bai ko ninku sau biyu ba, amma zafi ya ninku sau biyu da rabi, a cikin ɗan ƙoƙon da bai fi kwanon sha ba, wanda iska ba ta shiga. Da kwantirola yana yadda masu shi suka yi shi, da ya ƙi, keke ya tsaya, mu sauka mu tura. Da mun makara kaɗan, amma da injin yana nan.

Me mai gyaran ya yi? A cikin kwantirola akwai wata 'yar gajeriyar waya mai kauri wadda duk wutar batir ke bi ta cikinta, da ita a ke auna abin da ke wucewa. In aka shafa mata dalma ta ƙara kauri, sai akwatin ya riƙa ganin wutar kaɗan ce alhali kuwa ta yi yawa. Kamar a bubbuga gindin mudu ne ya zurfafa: sunansa mudu ɗaya, amma ya ci ɗaya da rabi, kuma ba wanda ya san ainihin abin da ya ke ci.

Iyaka Biyu Ce, Ba Ɗaya Ba

Mai karatu mai lura zai tsayar da ni ya ce, yaya aka yi amfiya 25 ta shiga inji alhali batir 15 kaɗai ya bayar? Tambaya ce mai kyau, ni ma ita na yi wa malam. Amsar ita ce kwantirola ɗan canji ne. Ka ba shi takardar naira dubu, ya ba ka 'yan ɗari biyar guda biyu. Takardu sun ƙaru, kuɗi bai ƙaru ba. Yana kunna wutar yana kashewa sau dubbai a daƙiƙa guda, ta haka ya ke rage matsi ya ƙara yawa. Bolt 36 sau amfiya 15 wat 540 ne. Bolt 18 sau amfiya 30 ma wat 540 ne. In inji yana tafiya a hankali matsi kaɗan ya ke bukata, saboda haka wutar da ke zagawa cikinsa takan fi wadda ke fitowa daga batir nesa.

Don haka iyaka biyu ce. Ta fari ita ce iyakar wutar batir, ita ce ke faɗin yawan wat, watau gudun da za ka yi a kan tudu, kuma ita ke kare batir. Ta biyu ita ce iyakar wutar inji, ita ce ke faɗin ƙarfin tashi da mafi tsananin hawan da za ka iya, kuma ita ke kare injin da kwantirola kansa. A kan akwatuna masu araha ta fari kaɗai a ke rubutawa, ta biyun an ɗaure ta a ciki. A kan waɗanda a ke iya shiryawa da kwamfuta ko da ɗan allon da ke kan keke, masu sana'ar sukan sa ta biyu ta zama ninki biyu ko biyu da rabi na ta fari.

Rage Wuta Da Yawa Ma Kuskure Ne

Bayan da na sayi wani injin, tsoro ya sa na ce zan mai da iyakar batir amfiya 8. Malam ya yi dariya ya ce in sake lissafi. Ga abin da na samu. Tudu da nauyi su ne ke yanke yawan wutar da za ta zaga cikin inji, ba gudu ba. Ko ina gudu ko ina rarrafe, amfiya 25 ɗin nan sai an biya ta, zafin wat 125 kuma yana nan. Da amfiya 15, batir yana ba da kamar wat 510, a cire zafi da sauran hasara, abin da ya rage ya isa tafiyar kilomita 12 a awa, in gama hawan a minti biyar. Da amfiya 8 kuwa wat 272 ne, kusan rabinsa zafi ya cinye, saura abin da bai fi tafiyar kilomita 4 a awa ba. Hawan zai ci kusan rubu'in awa. Injin zai daɗe a kan wuta ɗaya har ninki uku, ga shi kuma ba iskar gudu da za ta fifita shi.

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Gaskiya ne ga mai tafiya da ƙafa, amma ga inji a kan tudu sannun da ta wuce kima takan hana zuwa. Masu haɗa kekunan nan suna da wata ƙa'ida: kada ka bar injin cibiyar ƙafa ya daɗe yana tafiya ƙasa da rabin iyakar gudunsa alhali ka murɗa totur duka. In kekenka yakan yi kilomita 25 a fili, ka ga ya sauko ƙasa da 12 a kan hawa, to, taka feda da ƙarfi ko ka sauka.

Yadda Za Ka Zaɓa

Da fari, yi lissafin da na nuna a sama da tudunka da nauyinka, ka sami amfiyar da ka ke bukata, ka ƙara biyu ko uku a kai.

Na biyu, duba batir. Yawancinsu an haɗa su da ƙananan ƙwayoyi masu lamba 18650, watau kaurin milimita 18 da tsawon 65. Batirin bolt 36 jeri goma ne, in ya cika ya kai bolt 42. Na bolt 48 jeri goma sha uku ne, in ya cika ya kai 54.6. Ka tambayi ƙwaya nawa aka jera gefe da gefe a kowane jeri. In huɗu ne, kowace kuma masu ita sun ce tana jure amfiya 5, to, batirin amfiya 20 ya ke iyawa. A cikinsa kuma akwai ɗan faifan tsaro da a ke kira BMS, wanda ke yanke wuta in an ja fiye da kima. Lalle iyakar kwantirola ta kasance ƙasa da tasa, in ba haka ba keke zai mutu maka a tsakiyar hawa. Ƙwayoyin da aka ciro daga tsofaffin kwamfutoci kuwa ba su jure jan ƙarfi, kuma batirin litiyam in ya yi zafi ya wuce kima yakan kama wuta mai wuyar kashewa. Mu da mu ke kwana ɗaki ɗaya mu da yawa, wannan ba abin wasa ba ne.

Na uku, duba lambar da aka rubuta a jikin kwantirola, kada ka wuce ta, kada kuma ka yarda a sa masa dalma. In kana son ƙari, sayi babba. Ka taɓa wayoyi da mahaɗansu bayan hawa, in sun yi zafi sun yi siriri ke nan.

Na huɗu, san irin injinka. Akwai ƙaramin injin cibiya mai haƙoran roba a ciki, irin nawa. Ba shi da nauyi, yana da ƙarfin tashi, amma zafi ba ya fita daga cikinsa da sauri, haƙoran kuma sukan yi laushi su zube. Akwai babba marar haƙora, mai nauyi, wanda ya fi daɗewa kafin ya yi zafi. Akwai kuma wanda a ke ɗaurawa wajen feda yana jan sarƙa, kamar na kamfanin Bafang na ƙasar Sin. Wannan ya fi dacewa da ƙasar tuddai, gama yana amfani da giyar keke, sai injin ya riƙa juyawa da sauri ko da keken yana tafiya a hankali, muddin ka tuna ka sauya giya.

To, cikin lambobin batir da kwantirola da wayoyi da inji, wadda ta fi ƙanƙanta ita ce iyakarka. In abin da tudu ke nema ya fi ta, kada ka matsa wa akwati. Ka rage kaya, ko ka taka feda, ko ka sauya ƙafa. Mutum mai lafiya yana iya ba da kamar wat 100 da ƙafafunsa ba tare da wahala ba, watau kashi ɗaya cikin uku na aikin tuduna, wannan kuwa ya rage zafin inji fiye da rabi. Ƙafa mai inci 20 a maimakon mai inci 26 takan rage wutar inji kusan kashi ɗaya cikin huɗu, zafi kuma ya ragu kamar kashi biyu cikin biyar, sai dai gudunka a fili zai ragu.

Na biyar, gwada. Fara da ƙaramar lamba, ka hau tudun da rana, da kayan da ka saba ɗauka. In ka kai sama ka tsaya, ka jira minti biyu ko uku, domin zafin ciki yakan ɗauki lokaci kafin ya fito, sa'an nan ka ɗora hannu a jikin injin. In ba ka iya barin hannunka ka ƙirga biyar, cikinsa ya fi haka zafi ƙwarai, sai ka rage. Maganaɗisun da ke ciki, marasa kyau sukan fara rasa ƙarfi daga digiri 80, kuma abin da suka rasa ba ya dawowa. In ɗumi kawai ka ji, kana iya ƙara amfiya ɗaya ko biyu ka sake gwadawa. Ka tuna kuma lambar da ta yi daidai a sanyin Jos, inda ƙasa ta kai tsayin wajen mita 1,200, ba lalle ta yi daidai a zafin Lakwaja ba. Gajeren hawa na minti ɗaya kuma daban ya ke da doguwar hanya irin ta Hawan Kibo. Irin wannan sai da hutawa a tsakani.

Yanzu kekena yana kan amfiya 15 kamar da. Ina tashi minti goma kafin lokacin da na saba, ina taka feda a inda hawan ya yi tsanani, farar rigar kuwa a jaka na ke sa ta sai na isa. Ba na goyon kowa a kan tudu, abokina ma ya daina roƙo. Wanda ya ke so mu lissafa nasa tudun tare, ya same ni a ɗakin kimiyya ran Asabar da safe, ya zo da sanda mai mita ɗaya da lambobin da ke jikin batirinsa. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya kiyaye mana hanya, amin.